Ƙarfen da Ke Zaure

Asabar ɗin farkon damina nake sauko da shi,
in ruwa ya daki kwanon zaurenmu na Ƙofar Kuyambana
har bango ya fara gumi.
Ƙarfe ba ya ƙaunar damina.
Baba Jatau ya ce tsatsa ɓarauniya ce mai haƙuri,
ba ta haura katanga, a gida take kwana.

Matsin cika kwanson harsashi ne, baƙi, mai hannu ɗaya,
nauyinsa ya kai turmin ƙirya.
Wani direban jirgin ƙasa ya sayar masa a Sabon Gari
kan buhun dawa biyu da alkawarin zabi huɗu.
Rubutun jikinsa ya shafe, saura harafi uku,
har yau ban san ƙasar da ta haife shi ba.

Ni mai gyaran keken ɗinki ne,
abin da na iya shi nake yi masa.
In shimfiɗa buhu, in kwance noti,
in jera su yadda suka fito
don kada wani ya koma ɗakin wani.
Kananzir a gwangwanin madara,
tsohon buroshin haƙori, tsumman ɗankwalin Inna.
Bana zanzaro ya yi gini a maƙogwaronsa,
ɗaki uku, har da 'ya'ya.
Na ba shi haƙuri, na rushe da tsinke.

Sai sandar tsakiya mai hawa da sauka.
Ita ba a yi mata garaje.
A goge, a hura, a kuma gogewa,
a ɗiga man keke da gashin kaza, ɗigo biyu tak.
In ka cika mai, ka yi wa ƙura miya, in ji shi.
Na ja hannun, ya yi nishi
kamar tsoho zai tashi daga tabarma.
Na sake ja, ya yi shiru.
Shirun nan shi ne ladana.

A nan yake zama in gobe farauta,
fitila nesa, mai taba a ƙofa, yara a waje,
yana ƙirga kwanso da leɓe kamar mai lazimi.
Da asuba sai Kufena:
fakara, zabon daji, ran sa'a gada.
Lasisinsa na ƙasan akwati cikin leda,
hula a karkace, ido a zare don tsoron mai hoto.

Akwai rami ɗaya da nake gogewa, babu kowa ciki.
Ƙusar da ke zaune nan,
wadda in babu ita matsin ba ya haihuwa,
shi ya zare ta da hannunsa
shekarar da ya hau dutse sau bakwai bai ji fakara ba,
aka kuma fara yi masa sallama bayan isha,
baƙin da ba su san sunan tsuntsu ko ɗaya ba.
Ya nufi gadar Kubanni da ita a aljihu,
ya dawo da rake.

Makon jiya wani ya zo a babur, bai kashe injin ba.
Ya ce in sa kuɗi, ƙusa ba wuya, akwai maƙera.
Na ce ai wannan ya mutu.
Ya ce ga shi yana ƙyalli?
Na ce gawa ma ana yi mata wanka.

Na mayar da noti, kowa ɗakinsa,
na ɗaure daidai, ba har ya yi kuka ba.
Na lulluɓe shi, na kai shi can sama inda feshi bai kai ba.
Tasalla ta leƙo ta ce tuwo na hucewa,
in wanke hannu, warina ya cika gida.
Na wanke da toka, na wanke da sabulu.
Bai fita ba.
Haka tafin Baba yake wari
in ya dafa kaina ya ce in matsa, na tare masa haske.